Yadda ƙaramin gari zai kai kukansa wilaya har a saurare shi

Jama'a assalamu alaikum. Wannan rubutun na yi shi ne saboda 'yan uwanmu da ke cikin lajnoni, wato kwamitoci, na unguwanni da ƙananan garuruwa a Sudan, musamman mu na bakin kogin Nilul Azrak da na wajen Gadarif da Kasala, waɗanda kullum ana zama a masallaci bayan isha'i ana cewa ya kamata a je wilaya, wato gwamnatin jiha, a yi magana, sai a je ɗin kuma a dawo hannu rabbana. Ni ma na taɓa shiga irin wannan tawagar. Mun cika mota, mun ɗauki takarda mai buƙatu goma sha huɗu, tun daga ruwa har filin ƙwallo, aka karɓe mu a wani ofis da mutunci aka ba mu shayi aka ce in sha Allahu, kuma har yau ko ɗaya daga ciki ban ga an yi ba. Abin ya daɗe yana cina a rai, domin mutanen da suka tara mana kuɗin mota talakawa ne, wasu ma kamun kifi suke yi su ci. Daga baya na zauna da dattawan da suka daɗe a harkar suka nuna min inda muka yi kuskure, shi ne nake son in baza a nan.

Da farko dai mu san halin da ake ciki, kada mutum ya rubuta takarda zuwa ga majalisar da ba ta zama. A tsarin mulkin 2005 kowace wilaya tana da majalisar dokokinta, majlis tashri'i, wadda ke amincewa da mizaniyya wato kasafin kuɗin shekara, tana yin dokokin wilaya, tana kuma iya kiran wazirin wilaya ya zo ya amsa tambaya. An yi zaɓen waɗannan majalisu a 2010 da 2015. Da gwamnatin Bashir ta faɗi a watan Afrilun 2019 sai aka rushe su gaba ɗaya, majalisar riƙon ƙwarya da aka yi alkawari a takardar tsarin mulki ta watan Agustan 2019 kuma ba a kafa ta ba. To tun daga nan aikin da majalisa ke yi ya koma hannun wali, wato gwamna, da majalisar gwamnatinsa, su ke zama su amince da mizaniyya, a mahalliya kuma, wato ƙaramar hukuma, maimakon shugabanta na da, mu'utamad, yanzu mudir tanfizi, wato babban jami'in gudanarwa, za ka tarar. Sai wani ya ce to tunda babu majalisa me ya kawo wannan dogon bayani. Dalili shi ne har yanzu ana raba kuɗin, duk shekara ana rabawa, ko da majalisa ko babu, kuma garin da bai iya tsara buƙatarsa yau a gaban wali ba, gobe in majalisa ta dawo ma ba zai iya a gaban na'ibinsa, wato ɗan majalisarsa, ba. Hanyar ɗaya ce, ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ce kawai ke canzawa.

Abu mafi wahala, kuma nan ne zan fi daɗewa, shi ne rage buƙatu. Ku ɗauki uku. Wallahi uku ma in da hali ɗaya ta zama uwa, biyun su bi bayanta. Taura biyu ba ta taunuwa balle goma sha huɗu. Shi ma'aikacin da ke zaune a ofishin maliyya, wato ma'aikatar kuɗi, wilaya guda yake kallo, mahalliyoyi da yawa kowacce da garuruwanta, in ka ba shi dogon jeri ka ba shi damar ya zaɓi mafi arha ya yi maka ko kuma ya ajiye duka ya ce ba a san abin da mutanen nan suke so ba. Amma in gari ya shekara biyu ba ya faɗin komai sai tashar ruwa, tashar ruwa, to ko sunan garin aka ambata a zama abin da zai faɗo wa kowa kenan.

Yaya ake rage su ba tare da an yi faɗa ba? Domin faɗa ake yi, na gani da idona, kowace unguwa tana ganin tata ce gaba. Abin da ya fi aiki shi ne a fara tacewa da tambaya ɗaya: wannan abin a hannun wa yake? Rubuta kowace buƙata a allo ko bango, a gefenta a rubuta mai ikon yin ta. Shara, fitilun kasuwa, gyaran magudanar ruwa ta cikin unguwa, rumfunan kasuwa, waɗannan aikin mahalliya ne, kada ku ɓata zuwanku wilaya da su. Rakam waɗani da jinsiyya, wato lamba da takardar shaidar ɗan ƙasa, da fasfo kuwa na gwamnatin tarayya ne ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, wali ba shi ke bayarwa ba, iyakar abin da za ku roƙa a wilaya shi ne a taimaka a kawo tawagar sijil madani, wato ofishin rajistar 'yan ƙasa, garinku ta yi kwanaki tana yi wa mutane rajista, kuma wannan roƙo ne mai kyau domin mu Hausawa mun san wahalar da rashin takarda ke jawo wa yaranmu wajen jarrabawar shahada ta kammala sakandare da neman aiki. Babbar hanya irin ta Sinnar zuwa Sinja zuwa Damazin ita ma ta ƙasa ce. Abin da ya rage a tsakiya, makarantun ibtida'i da mutawassiɗa, wato firamare da midil, markaz sihhi wato ƙaramin asibiti da ma'aikatansa, ruwan sha, tsara filaye da hanyoyin da ke haɗa ƙauyuka, shi ne abincin wilaya. Kuna gama wannan tacewar za ku ga jerin ya ragu da kusan rabi ba tare da ran kowa ya ɓaci ba, domin ba a ce wa kowa buƙatarsa banza ba ce, an dai nuna masa ƙofarta.

Sauran da suka rage sai a auna su da abu biyu, mutum nawa abin ya shafa, kuma in an bar shi shekara ɗaya me zai faru. Ni a ra'ayina, kuma ba na ɓoyewa, ruwan sha ne ke zuwa farko a yawancin garuruwanmu. Abin takaici ne gari yana bakin kogi mutane suna sayen ruwan karo, wato na amalanken jaki, a jarka ba a tace ba, kuma kowa ya ga abin da kwalara ta yi tun da aka sanar da ɓarkewarta a watan Agustan 2024. Tashar ruwa mai aiki da hasken rana ta fi mai jiran wutar lantarki ko man dizal, domin tun da yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilun 2023 babu wanda zai iya ce maka gobe akwai wuta ko akwai mai. Bayan ruwa sai tarus, wato shingen ƙasa mai tare ambaliya, da yashe kwaruruka kafin kharif, wato damina, ga garin da ruwa ke ci. Sai ungozoma mai horo da ɗakin haihuwa. A nan ina roƙon ku da Allah kada ku yanke wannan shawarar maza zalla. Ranar da muka saurari iyayenmu mata ne muka gane cewa abin da muke kira babbar matsala ba ita ce ke hana su barci ba, su maganarsu mace mai naƙuda da dare a lokacin damina hanya ta yanke, a ɗora ta a karo ko a tarakta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In al'adar garinku ba ta bari a haɗu wuri ɗaya ba to a yi musu nasu zaman, malamar makaranta ko wata hajiya da ake jin maganarta ta kawo abin da suka tsayar, kuma a rubuta shi kamar yadda suka faɗa.

Maganar fili ita ce wadda mutane ke tsoron taɓawa amma ni ina ganin kowane gari ya kamata ya sa ta cikin ukun nan in har gidajensa ba su da takarda. Dokar filayen da ba a yi wa rajista ba ta 1970, zamanin Numairi, ta mayar da duk ƙasar da ba ta da rajista mallakin hukuma, kuma dokar mu'amalat ta 1984 ba ta sauya tushen abin ba. Ma'ana kakanka ya sare daji ya zauna, ubanka an haife shi a nan, amma in ba ku da shahadat bahas, wato takardar shaidar mallakar fili, to a idon ofis zama kawai kuke yi. Garuruwa irin su Mai Wurno da aka kafa tun farkon ƙarnin da ya wuce, bayan yaƙin Burmi na 1903 lokacin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya iso nan da jama'arsa, sun girmi madatsar ruwan Sinnar da aka gama a 1925, ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Amma tarihi ba ya tsaya maka a gaban injiniyan misaha mai awon fili, takarda ce ke tsayawa. Don haka buƙatar a kawo takhɗiɗ a tsara gari, a auna gidaje, a ware filin makaranta da maƙabarta da kasuwa, a sassauta kuɗin rajista a bari a biya kashi-kashi, buƙata ce da ba ta cin wilaya kuɗi mai yawa, hasali ma kuɗi take kawo mata, shi ya sa ta fi saurin samun karɓuwa in an iya gabatar da ita.

Yanzu sai lissafi. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Sudan ta 2008 ce, to duk adadin da ke cikin fayil ɗin ofis game da garinku ya tsufa, yaron da aka haifa a shekarar yanzu ya zama saurayi, ga kuma nazihin da yaƙi ya koro suka sauka a gidajenmu da makarantunmu. Ku ƙirga da kanku. A raba samari unguwa-unguwa da littafi, gida nawa, mutum nawa a kowane gida, nawa ne 'yan gudun hijira, jarka nawa gida ke saya a rana kuma nawa ake sayar da ita. Shugaban makaranta ya ba ku yawan yara a kowane aji da yawan benci, ma'aikacin markaz ya ba ku abin da ke cikin daftarinsa. A ɗauki hotuna da waya, hoton famfo a bushe, hoton aji yara a ƙasa. Kada ku ƙara ko mutum ɗaya a kan gaskiya don abin ya yi nauyi, domin ranar da aka turo mai dubawa ya tarar da saɓani, to duk sauran maganarku ta zube har wadda take gaskiya.

Sannan a nemi ɗan gari injiniya ko fanni, wato mai sana'ar fasaha, ya yi ƙiyasin aikin. Wata dabara da na koya, saboda yadda jinai, kuɗin Sudan, ke faɗuwa kullum, kada ku rubuta kuɗi kaɗai, ku rubuta kayan: bututu mita kaza mai faɗi kaza, faranti na hasken rana guda kaza, siminti buhu kaza, tanki mai ɗaukar kaza, sai a sa farashin ranar a gefe da kwanan wata. In an ɗauki wata shida kafin a amsa, lissafin kayan yana nan daram ko da farashi ya ninka.

Kuma kada ku je da hannu biyu a buɗe kawai. Gwamnatin wilaya yawancin abin da ke shigo mata albashi ke cinyewa, abin da suke kira fasal awwal, abin da ke saura na tanmiya, wato ayyukan raya ƙasa, kaɗan ne kuma kowa a kansa yake. Garin da ya zo ya ce mu za mu yi nafir mu haƙa ramin bututu da hannunmu, gayya dai irin wadda muka gada, 'yan uwanmu da ke Jidda da Makka da Madina sun yi alkawarin sayen farantan, abin da muke nema a wajenku famfo da tanki da injiniya, wannan garin ya fi wanda ya zo ya ce a yi mana komai. Sai dai kuɗin mugtaribin, wato 'yan uwanmu mazauna ƙasashen waje, amana ce mai nauyi, mutum yana can yana aikin ƙarfi cikin zafi ya tsakuro ya turo. A sa mutum uku a kan asusun, duk abin da ya shigo ta manhajar banki ta Bankak a sanar a guruf ɗin WhatsApp na gari da hoton ish'ari wato shaidar turawa, duk abin da aka kashe a nuna rasit. Na ga lajnar da ta watse ba don an ci kuɗi ba, don dai ba a yi bayani ba zargi ya shiga.

Takardar kanta, muzakkira, kada ta wuce shafi ɗaya da Larabci mai tsabta, lissafi da hotuna su zama rataye a baya. Sunan gari da mahalliya, matsalar a layi uku, abin da ake nema, abin da gari zai bayar, sunan mutum biyu da za a tuntuɓa. A sa hatimin lajnar gari da na shehu ko umda ko sarki, duk wanda ke riƙe da idara ahliyya, wato sarautar gargajiya, a wurinku. A bi ta mahalliya tukuna, mudir tanfizi ya sa hannu ya tura, domin in kuka tsallake shi wilaya za ta dawo da takardar gare shi ne ta tambaye shi, shi kuma yana jin an raina shi. A yi kwafi da yawa, duk ofishin da aka kai a roƙi a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinku.

Lokaci kuwa shi ne abin da ya kashe tafiyarmu ta farko, mun je a watan Maris. Shekarar kuɗi a Sudan daga Janairu take farawa zuwa Disamba, ana haɗa mizaniyya a watannin ƙarshen shekara, ma'aikatu da mahalliyoyi suna tura abin da suke so, a tattauna, a amince. Wanda ya zo bayan an rufe sai dai a ce masa Allah ya kai mu baɗi. Don haka zaman gari da ƙirge a yi su tun cikin damina, takarda ta isa mahalliya da ma'aikatar da abin ya shafa tun kharif bai gama ɗaukewa ba, burinku guda ɗaya ne, sunan aikinku ya fito a rubuce cikin jerin ayyukan tanmiya na shekara mai zuwa. Alkawarin baki a wajen taro ko da an yi kabbara an tafa ba ya sakin kuɗi. Shi kuma aikin tarus akasin haka ne, tun watan Afrilu ko Mayu ake bin sa, kafin ruwa ya sauka.

Wajen zaɓen masu tafiya, mutum biyar sun isa. Dattijo ɗaya da ake jin kunyarsa, mai lissafi ɗaya da ya haddace adadin, mace ɗaya, saurayi ɗaya mai riƙe da fayil da waya, sai wanda ya san hanyoyin ofisoshin. A tsayar tun a gida wa zai buɗe magana wa zai rufe, kada a shiga gaban wali mutum biyu su fara saɓa wa juna. Kuma kada ku raina ƙananan ma'aikata, sakataren ofis da mudir na sashen tsare-tsare a maliyya su ne ke sanin inda takarda ta kwana, manya ana canza su kullum amma waɗannan suna nan. Ranar da majalisa ta dawo, na'ibin mazaɓarku shi ne ƙofar farko, sai shugaban lajnar da ke kula da hidimomi da ta kuɗi, a ba su takardar tun kafin zaman mizaniyya, in abu ne na gaggawa kamar ambaliya a roƙi na'ibin ya shigar da shi a matsayin mas'ala musta'ajala don a kira waziri ya amsa. Na'ibai mata ma a je musu, sau da yawa sun fi saurin ɗaukar maganar ruwa da haihuwa.

Akwai magana ɗaya da nake faɗa da nauyin zuciya. Ku kai buƙatar da sunan gari, kada ku kai ta da sunan ƙabila. Duk wanda ya ga abin da ya faru a Nilul Azrak a watan Yuli da Oktoban 2022, rayukan da aka rasa da gidajen da aka ƙona da iyalan da suka watse, ya san yadda magana kan sarauta da ƙasa ke juyewa cikin kwana ɗaya. Ba ina cewa mu ɓoye ko mu wane ne ba, Hausawa ne mu kuma 'yan ƙasa, babu mai ba mu kunya a kan wannan. Amma bututun ruwa ba ya tambayar yaren mai sha. In ƙauyen da ke kusa da ku na Fulani ne ko Funj ko Larabawa ko Barno, kuma hanya ɗaya ce ke yanke muku duka da damina, to ku je musu tun kafin ku rubuta komai, a sa hatiminsu kusa da naku, dattijonsu ya shiga motar. Takardar da ƙauyuka huɗu suka sa wa hannu ta fi ƙarfi, kuma babu mai iya cewa wasu ne ke neman fin wasu.

Bayan an dawo gida sai a tara mutane a faɗa musu abin da aka ce, ko da ba mai daɗi ba ne. A ɗora wa mutum ɗaya bin takardar, duk sati biyu ya leƙa ko ya buga waya, ya rubuta ranar da wanda ya gani da abin da aka ce masa a littafi guda wanda zai zauna a hannun lajna ko da an canza mutanenta. In an sa aikin a mizaniyya sai a koma bin tasdiƙi, wato izinin biya, da sakin kuɗin, domin nan ma wani dogon zango ne, aiki yakan fito a takarda shekara ta ƙare ba a saki ko jinai ɗaya ba. In kuma ba a sa ba, a tambaya cikin ladabi me ya hana, a gyara abin da aka ce ya gaza, a sabunta ƙirgen da farashin, a mayar da ita dai wannan buƙatar a damina mai zuwa da kwafin bara mai hatimi a maƙale a bayanta.